Yadda Kwal Yake Kwance A Ƙarƙashin Ƙasa: Darasi Daga Ramukan Inugu

Gabatarwa

A sassa da dama na ƙasar nan, musamman a kwarin kogin Binuwai da na Gongola, manoma da masu haƙar rijiya sukan ci karo da wani baƙin dutse mai sauƙin farfashewa, wanda yake cin wuta idan ya bushe. Wani lokaci kuma a gaɓar rafi ake ganinsa bayan ruwan damina ya zaizaye ƙasa. Da zarar labari ya bazu cewa an ga kwal, sai baƙi su fara zuwa da takardu da alkawura, farashin gona ya tashi, matasa kuma su ɗauki diga da shebur. Sai dai ganin kwal a gaɓar rafi ba ya nuna ko akwai riba a haƙarsa, ba ya kuma nuna abin da haƙar za ta jawo wa gonaki da rijiyoyi. Abin da ke nuna hakan shi ne yadda kwal ɗin yake kwance a cikin ƙasa, wato kaurinsa, da karkatarsa, da irin dutsen da ke bisansa da wanda ke ƙarƙashinsa, da kuma ruwan da ke kewaye da shi.

An shirya wannan bayani ne domin mazauna karkara, da hakimai da dagatai da masu unguwanni, da kansiloli da ma'aikatan ƙananan hukumomi, su fahimci waɗannan abubuwa tun kafin a zo musu da maganar haƙa. An ɗauki Inugu a matsayin misali saboda nan ne aka fi daɗewa ana haƙar kwal ta ƙarƙashin ƙasa a Nijeriya, daga shekarar 1915 har zuwa farkon shekarun 2000, kuma kusan duk wata matsala da yanayin duwatsu kan haifar an gamu da ita a can.

Asalin shimfiɗar kwal

Kwal ba a dunƙule yake cikin ƙasa kamar dutsen tsauni ba. A shimfiɗe yake kamar tabarma, tsakanin wasu duwatsu da su ma a shimfiɗe suke hawa-hawa. Shimfiɗa guda tana iya miƙewa kilomita da yawa, alhali kaurinta bai wuce tsayin mutum ba. Dalilin wannan siffa yana ga asalinsa. Kwal ragowar tsirrai ne da suka rayu a manyan fadamu a zamanin da ya shuɗe. Idan ganye da reshe suka faɗi a tsandauri, gara da ƙwayoyin ruɓa sukan cinye su. Idan kuwa suka faɗi cikin ruwan da ba ya gudu, inda iska ba ta isa, ruɓewar ba ta kammala, sai su taru su zama baƙin taɓo. Masana sun ƙiyasta cewa irin wannan taɓo yakan ƙaru da kimanin milimita guda a shekara, kuma ana bukatar wajen mita goma nasa kafin a samu mita guda na kwal. Ke nan shimfiɗa mai kaurin mita ɗaya da rabi aikin dubban shekaru ne.

Idan kogi ya sauya hanya ko teku ta taso, sai yashi da laka su binne fadamar. Nauyin abin da ya taru a bisa yakan matse ruwan da ke cikin taɓon, zafin ƙarƙashin ƙasa kuma ya ci gaba da sauya shi. Gwargwadon zurfin binnewa da zafin da ya sha, gwargwadon nunar kwal ɗin. Mataki na farko shi ne kwal mai launin ƙasa-ƙasa, mai yawan danshi. Sai matsakaici, wanda ya fi baƙi da zafin wuta. Sai nunanne, wanda wani nau'insa ake gasawa domin narka tama. Na ƙarshe shi ne mai tauri da ƙyalli, wanda kusan ba ya hayaƙi. Yashin da ya binne fadamar shi ke zama dutsen yashi, lakar kuma ta zama dutsen laka mai ɓarewa falle-falle. Idan fadama ta sake tsirowa a bisa, aka sake binne ta, sai a samu shimfiɗa ta biyu, ta uku, da haka har yadda hali ya bayar.

Tarihin ƙasa a yankin Inugu

Fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, sa'ad da nahiyar Afirka take rabuwa da Kudancin Amurka, ƙasa ta tsage ta bar wani dogon kwari da ya taso daga bakin teku ya nufi arewa maso gabas, wanda masana ke kira Kwarin Binuwai. Teku ta sha shigowa cikinsa tana janyewa, kuma ita ce ta bar farar ƙasar da aka kafa masana'antun siminti a kanta a Nkalagu da Ashaka. Kimanin shekara miliyan 85 da suka wuce, sai wani matsi mai ƙarfi ya naɗe duwatsun kwarin, ya ɗaga yankin Abakaliki ya zama tudu. Yamma da wannan tudu sai ƙasa ta lotsa ta zama wani faffaɗan kwano, wanda ake kira Kwarin Anambara. A cikin wannan kwano ne fadamun da suka haifar da kwal ɗin Inugu suka bunƙasa, kimanin shekara miliyan 70 da suka wuce.

Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan jeri, domin zai yi amfani nan gaba: kwal ɗin Inugu ya samu ne bayan wucewar babban matsin, saboda haka bai naɗe ba, ya zauna kusan a miƙe.

Duwatsun yankin hawa huɗu ne. A can ƙasa akwai dutsen laka mai kauri, wanda mafi yawan birnin Inugu yake zaune a kansa, kuma ba ya riƙe ruwan kirki. A bisansa akwai rukunin da ake kira Mamu, wanda ya ƙunshi dutsen yashi da na laka suna musanya, da shimfiɗun kwal a tsakaninsu. A bisa Mamu akwai dutsen yashin Ajali, mai laushi da gari, wanda kaurinsa ya kai ɗaruruwan mita a wasu wurare. A can ƙoli kuma akwai rukunin Nsukka, wanda shi ma yana da siraran shimfiɗun kwal. Zaizayar ƙasa ta yanke waɗannan duwatsu ta gabas, ta bar wata doguwar gaɓar tudu da ke fuskantar birnin. Sunan Inugu kansa a harshen Ibo yana nufin kan tudu. A cikin kwazazzabai da rafukan da suka tsaga wannan gaɓa ne bakin shimfiɗun kwal ya bayyana, kuma a nan ne masu binciken ma'adinai na gwamnatin mulkin mallaka suka gan shi a shekarar 1909, a kusa da Udi.

Kauri da karkata

A Inugu an ƙidaya shimfiɗu biyar a cikin rukunin Mamu, ana lasafta su daga ƙasa zuwa sama. Ta uku ce aka fi dogara da ita, domin ita ce mafi kauri, tsakanin mita ɗaya zuwa biyu. Sauran sirara ne, ko kuma kaurinsu ba ya ɗorewa daga wuri zuwa wuri.

Kauri shi ne ma'auni na farko. Kwal mai tsawon mita ɗaya, da faɗin mita ɗaya, da kaurin mita ɗaya yana da nauyin kimanin tan 1.3. Saboda haka idan shimfiɗa tana da kaurin mita 1.5, a ƙarƙashin kowace hekta guda akwai kimanin tan 19,500. Idan kuwa kaurin ya ragu zuwa rabin mita, sai adadin ya koma tan 6,500, kuma dole a sassaƙe dutsen banza mai yawa kafin mutum ya samu wurin wucewa, ga shi kuɗin katako da na fitar da ruwa ba su ragu ba. Wannan ne ya sa shimfiɗa siririya takan zama asara ko da kwal ɗinta mai kyau ne. Haka kuma ba a taɓa fitar da duk abin da ke ƙasa. A tsarin da aka daɗe ana bi a Inugu, ana yanka hanyoyi a cikin shimfiɗar suna gittawa da juna, a bar ginshiƙan kwal a tsakani su tallafi rufi. A irin wannan tsari kusan rabin kwal ɗin kan zauna a ƙasa, sai dai idan an dawo an zare ginshiƙan daga baya, wanda shi ne aiki mafi haɗari.

Ma'auni na biyu shi ne karkata. Shimfiɗun Inugu sun sunkuya ne kaɗan zuwa yamma, da abin da bai wuce digiri ɗaya zuwa uku ba. Wannan ya sa ba a bukaci haƙa loto mai zurfi ba, sai aka shiga ta gefen tudu ana bin shimfiɗar kamar mai shiga kogo. Ta haka aka buɗe ramukan Udi, da Kwarin Iva, da Ogbete, da waɗanda daga baya aka san su da sunan Okpara da Onyeama. Amma karkata kaɗan ba abin rainawa ba ce. Idan shimfiɗa ta sunkuya da digiri biyu, tana nutsewa kimanin mita 35 a kowace kilomita. Ke nan duk tafiyar da aka yi zuwa ciki gangara ce: kwal ɗin sai an jawo shi sama, ruwa kuwa ba ya fitowa da kansa, yana taruwa ne a daidai inda ake aiki. Bugu da ƙari, tudun da ke bisa yana ƙara kauri, nauyin da ke kan ginshiƙai yana ƙaruwa.

Da wannan sauƙin shiga ne aikin ya bunƙasa. Layin dogo daga Fatakwal ya iso Inugu a 1916, shekarar da aka fitar da kimanin tan 24,500. Daga baya layin ya miƙe zuwa Kafancan da Jos da Kaduna, aka kuma buɗe gadar Makurɗi a 1932, ta yadda kwal ɗin Inugu ne ya riƙa tafiyar da jiragen ƙasan da suka yi dakon gyaɗa da auduga da kuza. An kafa Kamfanin Kwal na Nijeriya a 1950, kuma a ƙarshen shekarun 1950 abin da ake fitarwa a shekara ya kai wajen tan 900,000. Mafi yawan aikin da hannu ake yinsa, da diga da shebur da kura, shi ya sa ma'aikata suka kai dubbai. A cikinsu ne 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mutum 21 a Kwarin Iva ranar 18 ga Nuwamba, 1949, a lokacin wata taƙaddama kan haƙƙoƙin aiki.

Rufi da daɓe

Masu haƙa suna kiran dutsen da ke bisa shimfiɗar kwal rufi, wanda ke ƙarƙashinta kuma daɓe. Ran ma'aikaci yana hannun Allah, amma ta fuskar dalili ya dogara ne ga ƙarfin rufi. Dutsen yashi mai tauri yakan tsaya da kansa a kan hanya mai ɗan faɗi. Dutsen laka kuwa yakan rabu falle-falle, idan ya sha danshi ya yi laushi, sai ya zubo ba tare da wani gargaɗi mai tsawo ba. A Inugu rufin ya kasance mai rauni a wurare da yawa, saboda haka aka ci katako mai ɗimbin yawa wajen tokara. Daɓe ma yana da nasa hali. Idan na laka ne, ruwa ya jiƙa shi, yakan kumbura ya ɗaga layin kura, ginshiƙai su lume a cikinsa, ƙafafun inji su nutse.

Har ila yau, tsofaffin kogunan da suka ratsa fadamar tun kafin ta zama dutse sun bar alamarsu. Inda kogi ya ci taɓon ya cike gurbin da yashi, masu haƙa sukan tarar kwal ya sirance ko ya ɓace ɗungum, sai dutsen yashi a gabansu. A wani wurin kuma ambaliya ta shimfiɗa laka a tsakiyar taɓon, ta raba shimfiɗa guda gida biyu. Wannan laka ita ce ke ƙara toka a cikin kwal, ta rage masa daraja a kasuwa.

Tsaga da gocewa

Duk da cewa duwatsun Inugu ba su naɗe ba, ba su tsira daga tsagewa ba. Akwai wuraren da ƙasa ta tsage, ɓangare guda ya zame ƙasa da ɗan'uwansa. A kwatanta da tabarmar da aka yanka biyu, aka ɗora rabi a kan dakali aka bar rabi a ƙasa. Mai bin shimfiɗa idan ya iso irin wannan wuri sai ya ga kwal ya yanke, dole ya nemo ko ya yi sama ne ko ya yi ƙasa, da kuma nisan gocewar. Gocewar da ba ta wuce mita ɗaya ko biyu ba tana iya wuce idon mai bincike, domin ramukan gwaji sukan yi nisa da juna, amma ta isa ta tsayar da aiki a shimfiɗar da kaurinta mita ɗaya da rabi ne. Ban da haka, dutsen da ke gefen tsaga a farfashe yake, don haka rufi ya fi zubowa a nan, kuma ta nan ne ruwa yake samun hanya.

Ruwa, babban abokin gaba

Dutsen yashin Ajali yana shan ruwan sama kamar soso, yana kuma adana shi. Yana daga cikin manyan rumbunan ruwan ƙarƙashin ƙasa na kudu maso gabas, kuma daga gare shi ne rijiyoyin burtsatse da ke yamma da tudun suke ɗebo ruwan da ake kai wa birnin. Wannan rumbu kuwa a bisa kan masu haƙa yake. Muddin duwatsun lakar da ke tsakani suna nan lafiya, sukan tare shi. Da zarar an zare kwal, rufi ya sauka, tsagogi suka buɗe zuwa sama, sai ruwa ya kwararo. Ramin Onyeama ya yi suna wajen yawan ruwa, har ya zama injinan jan ruwa ba sa hutawa dare da rana. A lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da aiki ya tsaya, ruwa ya cika ramukan, kuma farfaɗo da su ya ci kuɗi da lokaci.

Yawan ruwan ba shi kaɗai ne matsala ba. A cikin kwal da dutsen lakar da ke tare da shi akwai wani ma'adini mai ƙyalli kamar zinariya, wanda haɗin ƙarfe ne da farar wuta. Muddin yana binne ba ya cutarwa. Idan haƙa ta buɗe shi ga iska da ruwa, sai ya narke ya haifar da ruwan asid, ɗan'uwan ruwan batir ko da yake bai kai shi ƙarfi ba. Kwal ɗin Inugu ba shi da yawan farar wuta idan aka kwatanta da na wasu ƙasashe, amma duwatsun wurin ba su da farar ƙasar da za ta kashe tsamin, saboda haka ruwan ramukan ya riƙa cinye bututu da famfunan ƙarfe. Wanda aka zubar waje kuwa ya gangara cikin rafuka, ciki har da kogin Ekulu. Alamar irin wannan ruwa ita ce jan tsatsa ko launin ɗorawa da yake bari a kan duwatsun rafi. Abin lura shi ne, rufe rami ba ya tsayar da wannan aiki, domin tsofaffin ramuka sukan ci gaba da tsiyayar da gurɓataccen ruwa shekaru masu yawa bayan ma'aikata sun watse.

Iska da wuta

Shimfiɗar kwal takan riƙe iskar gas mai kamawa da wuta, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Idan ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar rami, tartsatsi guda ya isa ya tayar da fashewa. Kwal matsakaici da ke kusa da doron ƙasa bai cika riƙe ta da yawa kamar nunanne mai zurfi ba, amma yana da nasa haɗarin: idan aka farfasa shi aka bar shi a tare, yakan zuƙi iska ya yi zafi a hankali har ya kama wuta da kansa, hayaƙinsa kuma guba ne. A tsofaffin ramuka kuwa iskar numfashi takan ƙare, wata mai nauyi ta kwanta a gurbinta. Mutum yakan faɗi sumamme bayan 'yan taku, wanda ya shiga ceto shi ma ya faɗi. Masu haƙar rijiya sun san irin wannan hali, shi ya sa ba a shiga tsohon rami ko da kuwa bakinsa a buɗe yake.

Darasin manyan injina

Daga ƙarshen shekarun 1950 jiragen ƙasa suka fara komawa amfani da man dizal, kasuwar kwal ta ragu. A ƙarshen shekarun 1970, domin a farfaɗo da harkar, an shigo da manyan injina daga ƙasar Folan aka kafa a Okpara da Onyeama. Irin waɗannan injina suna yankar kwal ne a doguwar fuska guda, suna tafiya da matokaran ƙarfe, suna barin rufi ya zube a bayansu. Suna bukatar shimfiɗa mai daidaitaccen kauri, da daɓe mai ƙarfi, da fili mai tsawo wanda babu gocewa a cikinsa. A Inugu sun tarar da akasin haka: ga gocewa, ga rufi mai rauni, ga ruwan asid mai cin ƙarfe, sa'an nan zubewar rufin da tsarin ya ginu a kanta ita ce ke ƙara buɗe wa ruwan sama hanya. Da aka haɗa da ƙarancin lantarki da na kayan gyara, sai shirin ya gaza, kuma abin da ake fitarwa bai sake komawa matsayinsa na shekarun 1950 ba. Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane. Inji komai tsadarsa ba ya gyara yanayin dutse, bincike ne ya kamata ya riga sayensa.

Kwatanci da wasu wurare

Rukunin Mamu bai tsaya a Inugu ba, ya miƙe arewa zuwa Owukpa a Jihar Binuwai da Okaba a Jihar Kogi. A Okaba shimfiɗar tana kusa da doron ƙasa, saboda haka da aka buɗe wurin a 1968, a lokacin yaƙi, sai aka kwashe ƙasar da ke bisa maimakon shiga ƙarƙashi. Ƙa'idar a nan ita ce a auna yawan ƙasar da za a kwashe kafin a samu tan guda na kwal. Idan ta yi yawa, sai a koma ga shiga ƙarƙashi, ko a haƙura.

A Maiganga, cikin ƙaramar hukumar Akko ta Jihar Gombe, kwal ɗin sa'an na Inugu ne a shekaru, bai kai ga nuna sosai ba, kuma ba shi da zurfi. Kamfanin simintin Ashaka ya fara haƙarsa ta buɗaɗɗen rami a ƙarshen shekarun 2000, abin da ya sa aka sake wa mutanen ƙauyen matsuguni. Buɗaɗɗen rami yana rage haɗarin rufi da na iska, amma yana cinye gona gaba ɗaya.

Kwal ɗin da ke tsakanin Lafiya da Obi a Jihar Nasarawa kuwa ya girmi na Inugu, ya samu ne kafin babban matsin da aka ambata a baya. Don haka ya sha binnewa da zafi, ya nuna har ya kai matakin da ake iya gasa shi domin narka tama. Wannan ne ya sa aka yi masa bincike mai zurfi a shekarun 1970, da nufin ciyar da masana'antar ƙarfe ta Ajakuta. Amma matsin da ya taimaka wajen nunarsa shi ne ya naɗe shi ya kakkarya shi. Shimfiɗunsa suna da yawa, akasarinsu sirara ne, sun karkata sosai, ga gocewa, ga yawan toka da farar wuta. Shirin bai tabbata ba. Wannan ya nuna cewa kyawun kwal da sauƙin haƙarsa abubuwa biyu ne daban.

Abin da ke bayyana a doron ƙasa

Ramin da aka bari a ƙarƙashi ba ya zama wofi har abada. Rufi yakan sauka, ginshiƙai su gaji, ƙasar bisa ta bi su. Idan ramin ba shi da zurfi, ƙasa takan burme farat ɗaya. Idan yana da zurfi, sai ta lotsa a hankali kamar kwano, kuma faɗin lotsawar yakan zarce faɗin inda aka haƙa, ta yadda gidan da babu rami a ƙarƙashinsa ma bangonsa yana iya tsagewa. Wannan yana iya faruwa shekaru bayan an daina aiki. Haka kuma jan ruwa daga rami yana saukar da ruwan ƙarƙashin ƙasa a kewaye, rijiyoyi su ƙafe, idon ruwa ya ɗauke, fadama ta bushe.

Abubuwan da ya kamata a tambaya

Sashe na 44(3) na Tsarin Mulkin 1999 ya danƙa mallakar dukkan ma'adinai ga Gwamnatin Tarayya, kuma Dokar Ma'adinai da Haƙarsu ta 2007 ce ta tsara yadda ake ba da lasisi. Sarki ko hakimi ko shugaban ƙaramar hukuma ba shi da ikon ba da izinin haƙa. Amma dokar ta tanadi neman amincewar mai fili, da biyan diyya, da ƙulla yarjejeniyar raya al'umma kafin a fara aiki, wadda ake sake dubawa duk shekara biyar. Ta kuma kafa kwamitin kula da ma'adinai da muhalli a kowace jiha. Saboda haka idan aka zo da maganar kwal, ya dace shugabanni su nemi amsa a rubuce kan waɗannan:

1. Wane irin lasisi ne a hannun kamfanin, na bincike ko na haƙa? Lasisin bincike ba izinin kafa mahaƙa ba ne.
2. Ramukan gwaji nawa aka haƙa, a ina, kuma wane kauri da wane zurfi suka nuna?
3. Ina shimfiɗar ta karkata, kuma waɗanne gidaje, makarantu, maƙabartu da hanyoyi ne ke bisa inda za a haƙa?
4. Wane dutse ne ke ba rijiyoyin gari ruwa, kuma yana bisa kwal ɗin ne ko yana ƙarƙashinsa?
5. Ina za a zubar da ruwan rami, kuma yaya za a kashe tsaminsa kafin ya shiga rafi?
6. Wa zai toshe ramuka ya gyara ƙasa bayan an gama, kuma ina za a ajiye taswirar hanyoyin da aka haƙa?

Yana da kyau kuma tun kafin a fara aiki, sashen ayyuka na ƙaramar hukuma ya auna zurfin ruwan rijiyoyi a rani da damina, ya sa a gwada ruwan rafi, ya ɗauki hoton gine-gine, a ajiye kwafi a wurin hakimi. Ba tare da wannan shaida ba, da wuya a tabbatar da ɓarna ranar da ta auku.

Kammalawa

Kwal dukiya ce da ta tafiyar da jiragen ƙasa da masana'antu, ta kuma raya birni guda a ƙasar nan. Tarihin Inugu ya nuna cewa kaurin shimfiɗa, da karkatarta, da rufinta, da tsagoginta, da ruwan da ke bisanta, su ne ke yanke hukunci kan riba da asara, da kuma lafiyar ma'aikata da ta maƙwabta. Ana kira ga jama'a da su guji haƙa ba bisa ƙa'ida ba, su hana yara da dabbobi kusantar tsofaffin ramuka, su kuma gaggauta sanar da mai unguwa ko ƙaramar hukuma idan suka ga ƙasa tana tsagewa, ko ruwan rafi ya sauya launi, ko hayaƙi yana fita daga ƙasa. Rigakafi ya fi magani.